Koyil, Guduma da Hanyar Mafara

A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori, tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun, babur shi ne jakin noma, shi ne kuma motar asibiti. Mai gyaransa kuwa yana cikin gari. A 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako kuma aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga, manomin da mashin ɗinsa ya mutu ba shi da wanda zai kira. Janye tallafin man fetur a 2023 ya ƙara wa tafiya gari tsada. Dole ta sa mutumin ƙauye ya koyi buɗe injinsa da kansa.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne koyil: wayar jan ƙarfe ce da aka nannaɗe a kan ƙarafa, wadda maganaɗisun maganeto ke juyawa a kanta, sai ta haifar da lantarkin da ke kunna fitila, ya cika batir, ya kai wuta ga fulogi. Idan zafi ya cinye rufin wayar, fitila takan dushe, injin kuma yakan mutu da zarar ya ɗau zafi.

Canjinsa ba ya son gaggawa. Manomi mai lura yakan fara duba fulogi da mahaɗar wayoyi, domin sau da yawa laifin nasu ne. Sannan ya cire kan batir, ya kwance murfin gefen hagu. Inda koyil ke bayan maganeto, akwai ƙarfen musamman na zaro shi; wanda ya sa guduma yana iya raunana maganaɗisun ko ya lanƙwasa sandar injin, ƙaramin gyara ya zama babbar asara. Akwai kuma ɗan ƙarfe mai siffar jinjirin wata da ke daidaita lokacin tartsatsi. Idan ya ɓace cikin yashi, sabon koyil ba zai tada mashin ba.

Wannan ƙwarewa abar yabo ce, amma rashin tsaro ne malaminta. Mutumin da ke gyara a tsakar gidansa da rana yana gudun mutuwar inji ne a kan hanya bayan magariba.