Haƙƙin Maƙwabta a Kan Gidan Ilimi

Daga cikin darussan da tsawon kwana ya koya mini a ƙasar Zazzau, babu wanda ya zauna mini a zuciya kamar wannan, cewa ana auna albarkar gidan ilimi ne da gwargwadon abin da talakan da ke bayan katangarsa ya amfana da shi. Malamanmu na zaure sun riga kowa sanin haka, domin shehin da ke karantar da fiƙihu da hantsi, shi ne da la'asar zai raba gado, ya sulhunta ma'aurata, ya ara wa almajirin wata unguwa littafinsa, ba tare da ya nemi ko anini ba, saboda yaƙininsa cewa ilimi amana ne, kuma ɓoye shi cin amana ne.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka haɗa ta da tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ke nan tun 1922, da yawa daga cikin mutanenmu sun ɗauka an gina wani birni ne na 'yan boko wanda babu ruwansa da mai fartanya. Sannu a hankali zato ya sauya. Lokacin da kuturtar gyaɗa ta auka wa Arewa a 1975, ta bar manoma da ramuka babu ƙwaya, masanan Samaru da abokan aikinsu ba su gushe suna bincike ba har aka samu iri mai jure cutar. Haka kuma irin masara da dawa da wake da auduga da suka inganta, malaman gona suka yi ta kai wa ƙauyuka, suna gwada shi a gonar manomi a gaban idonsa, domin Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Makiyayi ya kan kai saniyarsa asibitin dabbobi na jami'ar, majinyaci ya nufi asibitin koyarwa da ke Shika, ɗaliban likitanci kuwa a tura su Yakawada su zauna da mutanen karkara, su san ciwonsu tun daga tushensa.

Amma abin da ya fi faranta mini rai shi ne aikin sa kai, wanda babu albashi a kansa sai neman yardar Allah: ɗalibin da ya ba da jininsa ga mai naƙudar da bai sani ba, da wanda ya sadaukar da hutunsa yana koya wa yaran unguwarsu lissafi kyauta. Na lura cewa irin waɗannan matasa, idan Allah ya ba su shugabanci daga baya, su ne suka fi tausayin talakawa, domin tun suna ƙanana sun shiga zaurensu, sun sha ruwan randarsu.

Saboda haka ina kira ga shugabannin kwalejoji da jami'o'inmu, su buɗe wa maƙwabtansu ɗakunan karatu da filayen wasa da famfunan ruwa, su kuma riƙa zuwa wurin masu unguwanni suna jin buƙatun jama'a kafin su yanke abin da za su ba su. Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, ku tuna cewa harajin manomi da na mai talla ne ya gina ajin da kuke zaune a ciki, kuma biyan wannan bashi wajibi ne a kanku.