Garin da Ya Rungumi Mai Zaginsa

Da aka ce mana sunan wurin wankan Dogo, sai da muka yi dariya, don mun zaci ginin zai taɓo gajimare. Ashe wani bene ne na katako mai hawa 3, wanda aka gina a 1894 domin masu wankan ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a birnin Matsuyama, a tsibirin Shikoku na ƙasar Japan. Ziyarar makarantu ce ta kai mu can. Wankan dai ba mu yi ba, domin tuɓewa ake yi zindir a shiga cikin jama'a, mu kuwa kunya ta hana. Sai muka naɗe ƙafar wando, muka tsoma ƙafafu a ɗan kwarmin ruwan zafi na bakin titi.

Muna zaune sai wani ƙaton agogo ya buɗe, 'yan mutum-mutumi suka fito suna juyi. Aka ce mana taurarin littafin Botchan ne. Marubucinsa, Natsume Soseki, malamin sakandare ne irinmu. Ya zo garin a 1895 yana koyar da Turanci, bayan shekara guda ya kwashe ya-nasa-ya-nasa ya yi gaba. A 1906 ya fitar da littafin, inda tauraron ya yi wa garin tatas: mutanensa ƙauyawa, malamansa magulmata, ɗalibansa kuwa har fara suka zuba masa a shimfiɗa. Ruwan zafin nan kusan shi kaɗai ya yaba.

To jama'a, me mutanen garin suka yi? Jirgin ƙasa mai yawo da baƙi, Botchan. Filin wasa, Botchan. Hatta wani ɗan curin kayan zaƙi mai launi uku, Botchan!

Mun hau tsauni mun ga tsohuwar fadar da aka fara ginawa a 1602, tana da kyau ƙwarai, amma hankalinmu ba ya wurin. Yana can gida, cikin akwati, inda wani labari da muka rubuta kan ɗakin malamai ya shekara 9 a kwance, don gudun kada wani abokin aiki ya gane kansa a ciki ya daina amsa gaisuwarmu.

A hanyar saukowa muka tarar da akwatin da baƙi ke jefa haiku, wato waƙa mai layi 3, gaɓa 17. Muka rubuta tamu da Hausa, kan wani mataimakin shugaban makaranta. Muka daɗe tsaye kafin mu jefa, kuma ba mu sa suna ba.