Yamai a idon mai ɗauke da kaya

Ƴan uwa mata, duk wadda ta taɓa zuwa Yamai sarin kaya, ko jinya, ko gaida dangi, ta san hanyar. Daga Maradi kilomita wajen 660 ne, daga Damagaram kusan 900. Mota ta ratsa Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi, ta faɗa Doso. Daga nan sai ki ga layin dogo yana bin gefen gudro har bakin Yamai, kilomita kusan 140. An shimfiɗa shi tsakanin 2014 da 2016, amma jirgin da zai ɗauki mutane da buhunan albasa bai kama aiki ba, wasu wuraren ma rairayi ya binne ƙarfen. Tun ba ki shiga gari ba kin fara gane cewa gina abu daban, morarsa daban.

Yamai ba tsohon birni ba ne irin Damagaram ko Agadas. A 1926 ne Turawan Faransa suka ɗauke mazaunin mulki daga Damagaram suka kawo shi bakin kogi. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen garin ba su wuce dubu 30 da ƴan kai ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan ɗaya. Kuma garin a kwance yake girma, fili bayan fili: Koira Tegi, Lazare, Talaje, Saga, har bayan filin jirgi. Talaka yana gudu bakin gari saboda can haya ta fi sauƙi. To amma Babbar Kasuwa, Katako, Wadata, babban asibiti da ma'aikatu duk suna ciki. Abin da ya rage a kuɗin haya, shi zai zuba a kuɗin mota.

Da me ake yawo? Akwai taksi mai jan kai da ake haɗa mutum huɗu. Akwai ƙananan motocin da ake kira faba-faba, wato "taimaka" da Zabarmanci, su ne ke kai mutane unguwannin nesa. Sauran kuwa babur ne da ƙafa. Ki tsaida taksi ki faɗi inda za ki, in ba hanyarsa ba ce ko kallonki ba zai yi ba. In da nisa ya ce kwas biyu. In kina da kwando ko buhu, shi ma da kuɗinsa. Mu yi lissafi irin namu na ranar zubi. A ce mai saida dambun zogale tana kashe dala 100 kullum, zuwa da dawowa. Kwana shida jika 3 ke nan, a wata jika 12 da wani abu. Zubi nawa ne wannan? Kuma ba a sa awa biyun da ta ɓata a bakin hanya ba, ga yara ba a ɗora musu tukunya ba.

Ba a ce ba a yi aiki ba. Gadar Kennedy tun 1970 take, shekara 40 ita kaɗai ke ɗauke da motoci, amalanken jaki, raƙuma da ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni. A 2011 aka buɗe ta biyu wadda ƙasar Sin ta gina, a 2021 ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce. Shirin Yamai Nyala ya kawo gadojin sama na Mali Bero da Diori Hamani, da manyan hanyoyi masu fitilu. Da dare in kika tsaya a kan gada, wallahi garin yana da kyau. Sai dai gadar sama mai mota take yi wa aiki. Mai ƙafa, wadda ita ce mafi yawa, in ta sauka ba ta da wurin takawa: gefen hanya rairayi ya cika shi, ko an faka motoci, ko an kafa tebura. Masu teburan nan mu ne, ba a kore su da bulala, rumfa ake tanadar musu kusa da tasha inda ciniki yake.

Ƴan kasuwarmu da ke zuwa Dakar suna ba da labarin wata dabara. A 2024 aka fara aiki da manyan motocin haya masu amfani da lantarki, daga tsakiyar gari zuwa unguwar Gejawai, kilomita 18. An ware musu hanyarsu a tsakiyar titi, ba mai shiga, saboda haka cunkoso ba ya tsaida su. Tasha sananniya ce, kuɗi sananne ne, ba ciniki da direba. Mota ɗaya tana kwashe mutanen da sai taksi talatin za su ɗauka. Manyan hanyoyin Yamai suna da faɗin da za a iya yanka irin wannan layi. Abin da ake bukata shi ne a yanke cewa mutum ɗari da ke cikin motar haya sun fi mutum ɗaya da ke cikin tasa haƙƙin hanya.

Ki ƙetare gada ki shiga Harobanda, wato bayan ruwa. Nan akwai gonakin shinkafa da lambuna, daga nan salati da kabeji da yawa ke shiga kasuwannin gari. Nan kuma ruwa ya fi yin ɓarna. Kogin Isa sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba, Dargol da Goruwol ke kawowa daga wajen Burkina. Akwai kuma ruwan Gine da ke isowa lokacin sanyi, a hankali. Jan ruwan shi ne mugun, don da gaggawa yake zuwa, ga rairayi ya cike cikin kogin. A 2020 ruwa ya kai wajen mita 7, ya fasa madatsar Lamorde, dubban mutane suka kwana a azuzuwan lakwal. A daminar 2024 ruwa ya yanke hanyar Doso dab da shiga gari, har da kwalekwale aka riƙa ƙetarar da mutane. Cikin gari kuma, kwarin Gunti Yena da magudanan ruwa sun toshe da shara da leda, alhali tun 2014 akwai dokar hana ledar da ba ta ruɓewa. Ruwa ba ya manta hanyarsa. In an gina a kanta, zai dawo ya tambaya.

Magabata sun yi wani tunani mai kyau. Daga 1965 aka fara dasa itacen dogon yaro kewaye da gabas da arewacin gari, tsawon kilomita wajen 25, don ya tare ƙura da iska ya kuma rage zafi. Yau in kika bi ta wurin za ki ga an yanka filaye an ci wani babban sashe. A watan Afrilu, da zafi ya haura 40, wadda ke tafiya ƙasa da goyo ta san darajar inuwa fiye da kowa. Akwai kuma abin ƙarfafa gwiwa. Wata ɗiyar ƙasar nan mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou Kamara, ita da abokan aikinta sun gina gidaje a unguwar Yamai 2000 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, bene ɗaya, iyalai da dama a filin da gida guda zai ci. Ɗakin ƙasa ya fi na siminti sanyi, kowa ya sani tun gidan kaka. A Goru Banda kuma tun 2023 tashar hasken rana mai megawat 30 tana ƙara wa garin wuta.

Masana suna maganar birni mai wayo, na kwamfuta da intanet. Mu dai mun ga ɗan abin da ya iso gare mu: yau daga Tawa kina iya tura kuɗin kaya ta waya, a ɗoro miki su a mota, ba ki taka ko'ina ba. Wannan ya rage wahala ƙwarai. Amma wayon gari yana farawa ne daga tambayar wa ke tafiya, ina za ta, ƙarfe nawa, da wane kaya. Namiji ma'aikaci sau da yawa daga gida sai wurin aiki. Mace kuwa ta kai yaro lakwal, ta wuce kasuwa, ta biya injin niƙa, ta leƙa asibiti. In ba a tambaye ta ba, ba za a zana hanyar da ta dace da ita ba.

Garuruwanmu ma hanyar Yamai suke bi. Bikin 18 ga Disamba ya bar wa Maradi Kwalliya, Tawa Sakola da Zinder Sabuwa tituna da fitilu, amma unguwannin bakin gari suna ta yaɗuwa ba magudana, ba famfo. Tunda da sauran lokaci, ga abin da ƙungiya ke iyawa. Kowace ta rubuta kuɗin motarta na wata ɗaya, a tara lissafin a kai wa mai unguwa da hukumar gari, don takarda ta fi kuka tasiri. Masu sari a kasuwa ɗaya su haɗa kaya a adaidaita guda su raba kuɗin. Wadda za ta ci bashin asusu ta sayi fili, ta je ta gan shi a watan Agusta, ta tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke bi, ta kuma tabbatar da takarda. Kafin damina a fito a yashe magudana. In an kira taron unguwa kan hanya ko kasuwa, mu je da yawa, mu zauna gaba, mu yi magana.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya tsare mu da ambaliya.