Guntun Gatarinki

Tun da littafina na biyu ya fito nake samun wasiƙu daga Anka da Bukkuyum, har da nan gida Gummi, kuma kusan tambayar ɗaya ce: "Anti, yaya zan yi in zama 'yar fim ko mawaƙiya?" To, ku ba ni aron kunnuwanku.

A Amurka an yi wata kyakkyawa mai waƙa da fim, sunanta Dorothy Dandridge. A 1954 ta fito a fim ɗin Carmen Jones, ta zama baƙar mace ta farko da aka sa a takarar kyautar Oscar ta babbar jaruma. Suna kam ta yi shi. Amma sai abin da masu fim suka ga dama suke ba ta, kuɗinta ma wasu ke juya mata. A 1963 ta karye, har gidanta ya salwanta. Ta rasu a 1965 tana da shekara 42.

Ni kuwa da muryar marigayiya Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa na tashi. Ba bikin da za a yi a unguwarmu ba a sa kaset ɗinta ba. Kayan kiɗanta fa ƙwarya ce, irin wadda ke kife a tsakar gidan kowa. Da ita ta yi ta amada, tana kiran mata su kama sana'a, har Allah ya karɓi abarsa a 2013.

Lokacin da wata a dangi ta ce rubutun soyayya zai hana ni samun miji, na sha kuka. Innata ta ce, "Ɗiyata, ƙyale ta. Barmani da ƙwarya taka cin abinci, ke ko Allah ya ba ki alƙalami. Ki dai tsare mutuncinki, kuɗinki kuma ki ƙidaya da hannunki."

Wannan nasihar nake miƙa muku. Ban ce kada ku yi buri ba. Amma kafin ki hau motar Kano, ƙanwata, ki kammala sakandare, ki shawarci iyaye, ki koyi ɗinki ko saƙa ko wani abin da ba mai iya ƙwace miki. Guntun gatarinki ya fi sari ka ba ni.

Ku huta lafiya. Taku har kullum.