Ranar da rawanina ya kusa kashe ɗalibina

Shekara ashirin ina riƙe da alli, amma darasin da ya fi zauna mini a rai ba a makarantar horar da malamai na koye shi ba. A wani ƙauye na jihar Damagaram na koye shi, tsakanin Magarya da Dungas.

Ranar kasuwa ce, an tashi daga lakwal. Wani bijimin amalanke ya firgita, ya kai wa ɗalibina ɗan shekara goma sha ɗaya suka a ƙirji, ɓangaren dama. Da na iso, na ga ramin bai fi bakin kwalba ba, sai dai duk numfashin da yaron ya ja, wurin na kumfar jini yana tsotsar iska. Wani ya ce a zuba toka, wata ta kawo ruwa a ba shi. Na hana su, na kwance rawanina na toshe ramin, na ɗaure ƙirjin tamau. A zatona na yi dabara.

Muna bisa babur, yaron ya fara haki, jijiyoyin wuyansa suka kumbura. Da ƙyar ya ce, "Mushe, ba ni iya shaƙa." Muna isa gidan likita, ma'aikacin jinya ya yanke rawanin da almakashi. Na ji iska ta fita fuuu, numfashin yaron ya ɗan daidaita. Aka wuce da shi Magarya, daga nan zuwa babban asibitin Damagaram, inda aka sa masa tiyo a ƙirji. Ya rayu, alhamdu lillahi.

Daga baya ma'aikacin ya yi mini bayani. Idan ƙirji ya huje, iska na taruwa tsakanin huhu da haƙarƙari. In aka toshe ramin ruf, ba ta da hanyar fita, sai ta matse huhu, ta danne zuciya. Garin neman gira, na kusa rasa ido.

Ga abin da ya koya mini. A zaunar da wanda ya ji rauni a kishingiɗe, ya ɗan karkata ta wajen raunin. A danna tsumma mai tsabta inda jini ke zuba, amma kada a rufe ramin ruf. In numfashi ya ƙara tsananta, a ɗaga tsumman. In wuƙa, kibiya ko itace ya maƙale, kada a zare shi, a tallafe shi da tsumma kada ya motsa. Ban da toka, ƙasa ko garin magani. Ban da ruwan sha, don wataƙila za a yi tiyata.

Akwai kuma raunin da ba ya nuna jini. Yaron da ya faɗo daga mangwaro, ko jaki ya harbe shi a ƙirji, in yana haki ko tarin jini, likita za a nufa kai tsaye, ba wurin maɗori ba.

Daga Magarya zuwa Damagaram kusan kilomita 90 ne. Kafin a kai can, hannun malami ko na uwa ne ke fara taɓa yaron. 'Yan uwana malamai da iyaye, mu roƙi ma'aikacin jinya na kusa da mu ya halarci taron iyayen yara, ya nuna mana wannan aiki da hannu, ko na awa ɗaya ne. Ni na yi, kuma duk shekara ina maimaitawa.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu.