Almakashin Mai Turi

 Wannan mako layi ya faɗo kaina, kuma ina so in ja ku zuwa wani wuri da yawancinmu muka sani amma ba mu ɗauke shi makaranta ba, wato shagon masu tura finafinai a waya.

Bari in ɗan yi shimfiɗa saboda ƙannenmu da suka buɗe ido suka tarar da YouTube a tafin hannu. Fim ɗin Hausa na bidiyo a kaset ya fara, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990. Daga baya faifan CD ya ture kaset. Dillalan Ƙofar Wambai suna fitarwa, motoci suna kawowa Sakkwato da Birnin Kebbi, daga nan ya watsu zuwa garuruwa irin namu Gwandu. Sai ga wayoyi masu memori sun shigo, matasa suka gane cewa ba sai an jira wuta ko an tayar da janareta za a kalli fim ba. A nan sana'ar turi ta samu gindin zama.

Ɗan kawuna, wanda nake kira Yaya, yana da irin wannan shago a Kalgo, a bakin hanyar da ta fito daga Birnin Kebbi ta nufi Jega. Teburi ɗaya ne da kwamfuta da benci da tarin igiyoyin caji. Ni a Gwandu nake zaune, amma tsakanin 2012 da 2015 kusan duk hutuna a kan wannan benci yake ƙarewa. Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013 kuma ta zauna a Kalgo, ciniki ya ƙaru, don ɗalibai sun zo sun haɗu da 'yan kabu-kabu da 'yan mata da magidanta da ke zuwa tun da farko.

Matsalar sana'ar duk ta wuri ce. Faifan VCD yana ɗaukar kamar minti 80, kuma kowane minti yana cin kusan MB 10. Faifan DVD na gama-gari GB 4.7 ne. Shi kuwa mai waya a wancan lokaci yakan zo da memorin GB 1 ko 2, yana son fim goma, ga waƙoƙi, ga karatun malamai, ga hotunan bikin ƙanwarsa da bai yarda a goge ba. In aka zuba faifai yadda yake, uku ma ba za su shiga ba. Saboda haka a lokacin mai turi yana da aiki biyu kafin ya karɓi naira 50 ɗinsa: ya matse fim, ya kuma yanke shi.

Matsewa aikin na'ura ne. Yaya yakan kwashe fim daga faifai ya zuba a kwamfuta, ya sa shi a manhajar Format Factory, ya mayar da shi 3GP don ƙananan Nokia, ko MP4 don wayoyin da suka fi su. Hoton VCD yana da ɗigo 352 a faɗi, 288 a tsaye. In an mayar da shi 3GP yakan koma 176 da 144, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ɗigon farko. Bayan haka, manhajar ba ta ajiye kowane hoto cikakke. Takan ajiye guda ɗaya, sannan ta riƙa rubuta abin da ya sauya kawai a waɗanda ke biye. Shi ya sa in Alhaji da Hajiya suna zaune a falo suna magana, hoton yakan fito tas, don bango da kujera ba sa motsi. Amma da zarar an shiga rawa, mutum ashirin suna juyi, kyamara tana yawo, sai ka ga fuskoki sun farfashe sun koma kamar tubalan gini. Da haka ake mayar da faifan MB 800 ya koma ƙasa da 100.

Yanka kuwa aikin mutum ne, kuma shi ne abin da ya kawo ni. Na'ura ba ta san abin da ake so da wanda ba a so ba, sai mai almakashi ya gaya mata daga minti kaza zuwa minti kaza. A zaman da na yi a kan bencin nan na ga yanka iri uku.

Na farko shi ne yankan neman wuri. Duk wanda ya sayi faifan Hausa a wancan lokaci ya san sai ya sha tallace-tallace kafin fim ya fara: tirelar finafinai masu fitowa, wani lokaci har da tallan shago ko na magani. Wannan shi ke fara tafiya. A DVD na ƙasashen waje kuma akwai shafin zaɓi, da muryoyin wasu harsuna, da hirar 'yan wasa, duk a zubar a bar fim zalla. Mai waya bai taɓa kuka da wannan ba. Sai dai wanda ya zuba jarinsa yana da abin cewa, domin tirelar nan ita ce bakinsa a kasuwa, da ita yake shaida wa mutanen Kambaza da Dalijan cewa fim kaza yana nan tafe.

Na biyu shi ne yankan tarbiyya. Akwai wani dattijo da kan zo da wayar gidansa, ya miƙa wa Yaya ya ce, "Ɗana, ka ɗebe min raye-rayen ga, ɗiya na kallo." Yaya ya ce, "To Baba, an gama." Sai ya bi fim ɗin yana tsinke waƙa ɗaya bayan ɗaya. Abin dariya, ba a rufe awa guda sai wata yarinya ta leƙo ta ce, "Yaya, waƙoƙin kaɗai nika so." Abin da aka zubar wa Baba shi ake tara mata. A ranar na fahimci cewa shara da kaya duk a idon mai saye suke. Na kuma lura da wani abu da ya shafe mu marubuta. Akwai fim ɗin da in an cire masa waƙa biyar, labarinsa ko gezau, kamar an cire kwalliyar mota. Akwai kuma wanda a cikin waƙar ne saurayi ya furta so, ko yarinya ta yanke shawarar guduwa, in an cire sai ka ga an ɗaura aure ba ka san yaushe aka fara zance ba. Almakashin mai turi ya fi kowane mai sharhi saurin tona asirin abin da aka cusa don cika faifai.

Na uku shi ne wanda ya tsaya min a rai, yankan sunaye. Jerin sunayen farko da na ƙarshe, mai labari, mai tsara shi, mai ɗaukar hoto, mai tacewa, mai kiɗa, duka tare ba su wuce 'yan mintuna ba. In aka matse su, nauyinsu bai kai na hoton biki guda biyu uku ba. Duk da haka kusan kowane shago yana sare su, saboda an saba. Na taɓa tambayar Yaya dalili, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ƙanena, wa ka karanta su?" Ko an bar su ma, matsewa takan cinye ƙananan haruffan su koma zane-zane. Fuskar jarumi tana tsira, don da ita ake sayar da fim, har sunansa ake laƙa wa fayil. Wanda ya kwana yana rubutu shi ne ke ɓacewa. Haka matasa da yawa a wajenmu suka haddace maganganun finafinai ba su taɓa jin cewa akwai marubuta irin su Ibrahim Birniwa, Yakubu M. Kumo, Fauziyya D. Sulaiman ko Nazir Adam Salih a bayan wannan sana'a ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a manta kuma, yawancin wannan kwafi ba da izinin masu fim ake yin sa ba, kuma yana cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifai har masu shirya fim suka koma sinima da talabijin da YouTube. Wannan magana ce mai zaman kanta. Abin da nake nunawa a nan shi ne, an haɗa wa marubuci rashi biyu: kuɗin bai zo ba, sunan ma bai isa ba.

Abin da ya sa yankan sunaye ya dame ni yana da alaƙa da garin da na tashi. Gwandu gari ne na masu kwafi tun kafin a ƙirƙiro faifai. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, nan hubbarensa yake, kuma littattafansa da hannu aka riƙa juyar su, da alƙalamin kara da tawada, daga wannan zaure zuwa wancan. A gafakar kakana akwai irin waɗannan warƙoƙi, ba a ɗinke suke ba. A ƙasan shafi mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, don kada wani abu ya salwanta ba a sani ba. A farkon littafi ga sunan mawallafi. A ƙarshe kuma sau da yawa mai kwafi yakan shaida cewa littafi ya cika, ya ambaci kansa da wanda ya rubuta wa, ya roƙa musu gafara da iyayensu. Takarda a wancan zamani daga ƙetaren Sahara take zuwa, ta fi memori tsada nesa ba kusa ba, amma ba su ga wurin suna a matsayin asara ba.

Ba kuma cewa ba su san taƙaitawa ba. Malam Abdullahi ya rubuta babban tafsirinsa Diya'ut Ta'wili, mai cike da ƙira'o'i da saɓanin malamai. Da ya ga ya yi wa masu ƙaramin karatu nauyi, sai ya taƙaita shi da kansa ya fitar da Kifayatu Du'afa'is Sudan, ya tsaya a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya waɗanda mutanen ƙasar suka saba da su. Ku dubi yadda ya yi. Ya san wanda yake rage wa nauyi, ya san abin da ya cire, ya ba taƙaitaccen sunansa daban don kada a ɗauka shi ne babban, kuma babban yana nan ga mai buƙata.

To, me ya haɗa mu da wannan? Yau rubutunmu ne a kan teburin mai turi. Marubuciya za ta shafe wata shida tana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad. Sai wani ya tattara shi wuri guda, ya share gaisuwarta, ya share sadaukarwarta, ya haɗa da sunanta, ya liƙa na dandalinsa. Wani ya karance shi a murya ya ɗora a YouTube, ya tsallake babin da ya ga ya yi masa tsawo, bai faɗa wa kowa ba. Mai sauraro ya ce labarin ba shi da kai, zagi ya tafi ga wadda ba ta san an yi ba, in ma an san sunanta ke nan. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta amince wa mawallafi da haƙƙin a jingina masa aikinsa, da haƙƙin ƙin yarda a yi masa gunduwa-gunduwar da za ta zubar masa da mutunci. Amma kafin a kai ga doka, mu da ke cikin wannan zaure mu ne muke tura wa juna littattafai dare da rana.

Ga abin da na ɗauko wa kaina daga Kalgo da Gwandu, ko wani zai amfana. Kafin ka saki rubutu, ka zauna da shi kamar mai memorin GB 1. Duk shafin da za a cire labari bai girgiza ba, ka cire shi da hannunka, tun kafin wanda bai san zafinsa ba ya cire maka, ya haɗa da abin da bai kamata ba. Shafi uku na bayanin lefe da jerin motoci, ka tambayi kanka ko wani abu ya faru a ciki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sannan kada ka ajiye sunanka a bango kaɗai, don bango shi ke fara faɗuwa. Ka sa shi a kan kowane babi, tare da lambar babin, yadda in an tsallake ɗaya mai karatu zai gane.

In kuma aikin wani ne ya biyo ta hannunka, ka nemi izininsa tukuna. In dole ta sa ka rage, ka rubuta a sama cewa taƙaitawa ce, kuma kai ka yi ta. Suna kuwa ka bar shi inda mai shi ya ajiye. Layi ɗaya ne, ba zai cika wa kowa waya ba, kuma mai yiwuwa shi kaɗai ne ladan da marubucin zai samu daga wannan aiki.

Ina so in ji daga gare ku, musamman waɗanda suka taɓa cin karo da labarinsu yana yawo babu suna: yaya kuka yi, kuma me ya yi muku amfani? Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a. Sai mako mai zuwa, in mai dukka ya kai mu.