Sunan Wanda Ya Yi Rashi

Jikata da ke karatu a Sakkwato ta zo hutu Tama, ta iske ni a zaure, littafi a hannu. Ta ce, "Angona, me ake ce wa widow da Hausa?" Na ce, "Amarya, warware mini tukuna."

Ta ce haka Turawan Ingila ke kiran matar da mijinta ya rasu, namiji kuma widower, wai daga sunan macen aka ciro na namijin. Mu nan Nijar mun fi jin na Faransanci, veuve da veuf, a bakin masu cika takardun gwamnati. Suna ne da ke bin mutum har ya sake aure, in bai sake ba har kabari.

Na lalubi bakina, ban samo ba. Muna da takaba, amma takaba lokaci ce: wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuwa sai ta haihu. Mace ta ajiye kwalli da lalle da turare, ta zauna ɗakin mijinta, ana shigowa ana ce mata ya haƙuri. Ranar da ta fita, sunan ya faɗi. Daga nan bazawara ce, ita da wadda aka saki duk ɗaya a bakin mutane.

Na daɗe ina ganin rahama ce wannan. A ƙasar Adar maza na tafiya biɗa Abijan da Legas da Libiya, wani sai dai labarin rasuwarsa ya dawo. Yarinyar da ba ta kai talatin ba, don me za a rataya mata sunan mutuwa? Gara a kira ta da sunan da ke buɗe wa manema ƙofa. Amma tsohuwar da ta yi shekara hamsin da mutum fa? Ka ce mata bazawara, ka zage ta. Sai mu kewaya, mu ce matar marigayi wane.

Namiji ma ko takabar bai samu ba. An yi sadakar uku, ya ɗauki hauyarsa. Abin da ya rage masa gwauro, kalmar tsiya. Lokacin da nake cin rani a Kano na ga Nalako, sarkin gwagware, yana tashe cikin azumi, ana kama marasa mata ana yi musu ba'a. Na yi dariya har da hawaye, ban taɓa tambayar yadda kowannensu ya rasa tasa ba.

Damina huɗu ke nan da rasuwar kakar yarinyar nan. Furfura ta hana a ce mini gwauro, sai dai a ce Malam ya yi rashi, a yi shiru.

Jikata ta rubuta "matar da mijinta ya rasu", tana ƙorafin tsawonsa. Ta ɗago ta ce, "To kai fa, me zan sa?" Na ce ta sa mijin kakarta, don har yau shi nake amsawa.